Ƙafafun Inna

Shekarar da gwiwoyin Inna suka ƙi ta, ni ce na zama ƙafafunta. Ba wanda ya tambaye ni ko ina so. Yayata tana aure can nesa, sauran 'yan gidan duk maza ne, namiji kuwa ba ya kutsa kai cikin taron mata ya ce ya zo barka. Sai ya zamana duk wani suna, duk wani wunin biki, duk wata gaisuwar rasuwa ko dubiya da ta shafi danginmu, daga Ƙofar Durbi inda muke har bayan gari, ni ake cewa in ɗauko mayafi. A lokacin kuma ina jami'a ina karanta kimiyyar sinadarai, karatun da ba ya son a haɗa shi da komai.

Sai ka san Inna kafin ka gane girman wannan aiki. Mace ce da ta yi shekaru tana tara mutane kamar yadda wasu ke tara zannuwa a akwati. Ba ta yi boko ba, ba ta da wata dukiya, amma tun tana amarya ba a taɓa haihuwa ko rashi a dangi an nemi fuskarta an rasa ba, don haka in ta shiga taro sai an matsa mata wuri. Abin da take tsoro a duniya guda ne, kuma ba ta ɓoye shi: kada ranar da nata sha'anin ya tashi ta waiga ta ga ba kowa. Na taɓa ce mata ai zamani ya canja, a buga waya a yi barka mana. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce murya ba ta cika ɗaki, in tashi in shirya.

Matsalar ita ce mata ba sa taro da safe. Da safe ana fama da shara da wanke-wanke, sai an yi azahar ake fara ɗaura ɗankwali, la'asar ta tarar gida ya cika. Mu kuma a sashenmu daidai wannan lokacin ake shiga ɗakin gwaje-gwaje. Malamin da ke kula da mu wani siririn mutum ne mai ƙaramar murya, wanda da kansa yake rufe ƙofa ya kira suna, kuma wance ta haihu ko wance ta aurar ko a jikinsa. A shekarata ta kusa da ƙarshe ya kayar da ni a kwas ɗinsa, ba don ban iya ba, sai don yawan ranakun da aka kira sunana aka ji shiru. Na shiga shekarar ƙarshe da wannan kaya a kai. In na sake faɗuwa, ƙawayena su karɓi takardarsu su tafi, ni in zauna maimaita shekara saboda kwas guda.

To, da na ga ba zan iya barin karatu ba, kuma ba zan iya ce wa Inna a'a ba, sai na zauna na ƙirƙiro sana'a. Sana'ar nuna fuska. Har yau ina ganin da ana ba da shaidar ƙwarewa a kanta, da ita zan fara ratayewa a bango.

Abu na farko da na gano shi ne, ba kowa ne yake bukatar ya gan ka a taro ba. A kowane gida akwai tsohuwa guda, yawanci tana zaune a bakin ƙofar ɗaki da carbi a hannu kamar ba ruwanta da kowa, wadda gobe ita za ta ba da labarin wanda ya zo da wanda bai zo ba. Ita nake nema tun daga zaure. In na same ta sai in durƙusa in ba ta gaisuwa cikakkiya, ba tsallake: gida, yara, gajiya, jiki, zafi, har da kajin da ban san tana da su ba. Sannan in ɗaga murya kaɗan, yadda na cikin ɗaki za su ji, in ce Inna ce ta aiko ni, tana gaishe ku, ƙafa ce ta hana ta. In miƙa abin da aka ba ni, sabulu ne ko turmin atamfa. In an kawo abinci in kai loma biyu, don kada a ce ɗiyar wance ta raina girkin mutane. Ban taɓa yarda na shige ƙuryar ɗaki ba, don wanda ya shiga ƙurya sai ya tsallake ƙafafun iyaye kafin ya fito, kowace ƙafa kuma da tata tambayar.

Sai batun takalmi. Duk wanda ya taɓa zuwa suna ya san tarin takalman da ke ƙofar ɗaki, da yadda ake neman ƙafa ɗaya a samu wata yarinya ta zura ta tafi sayen ƙanƙara. Ni tun a zaure nake cire nawa in cusa cikin jaka, kusa da farar rigar gwaji da ke naɗe. Da na ga hankali ya koma kan wata sabuwar shigowa, ana ta sannu da zuwa, sai in sulale. Kafin a gama tambayarta maigidan, ni ina cikin napep.

Doka ta ƙarshe, wadda ta fi kowace girma, ita ce kada ka yarda a miƙo maka jariri. Wanda ya karɓi jariri ba ya tashi sai an zo an karɓa, kuma ba a ajiye ɗan mutane a ƙasa a ce ana sauri. Nakan leƙa fuskar yaro daga nesa, hannuwana a baya, in ce masha Allah, kamanninsa ɗaya da ubansa, ko da ban taɓa ganin uban ba.

Haka na yi ta yi, kuma abin ya tafi daidai har na fara jin kaina. Inna tana samun labarin an gan ni, malam yana kiran suna ina amsawa, ko da numfashina sama-sama. Har nakan ba ƙawayena shawara a kan tsara lokaci, ina kaɗa ƙafa. Na manta cewa a garin nan akwai Gwaggo.

Gwaggo yayar Babanmu ce, tana zaune a Ƙofar Guga. Doguwa ce, mai faɗa, mai kyauta, kuma ba abin da ke wuce ta. Tsakaninta da Inna abu ne mai tsawo. Ita ta yi wa Inna wankan jego a haihuwarta ta fari, kuma tun daga nan ba a taɓa ɗora babbar tukunya a gidanmu ba sai Gwaggo ce a kanta, tana juyawa tana faɗan an cika ruwa. Suna saɓawa su shirya kamar kowa, amma in ka ji Inna ta ce "Yaya", to da wani irin taushi take faɗa.

Da aka haifa wa Gwaggo jika, sunan ya faɗo ranar gwaji. Ban damu ba, don na riga na ƙware. Na shiga da sallama, takalmi a jaka, na hango tsohuwar bakin ƙofa, sai na ga ashe Gwaggon ce da kanta ta kafa kujera a wurin. Na sha jinin jikina, amma na durƙusa na zuba gaisuwa, na isar da saƙon Inna, na kai loma biyu na waina. Ina cikin gyara mayafi sai na ji muryarta.

"Ke ɗiyar nan, wuta kika zo ɗiba?"

Na ce a'a Gwaggo, makaranta ce zan koma.

"Makaranta ba ta tahiya ko'ina. Na daɗe ina lura da ke, takalmi cikin jaka kamar wadda ta ɗauko na mutane. Ungo, riƙe mani ɗanki."

Kafin in kai hannuwana baya, yaro yana kan cinyata. Ɗan mitsitsi, ja-jawur, yana ƙamshin hoda, yana barcinsa ba abin da ya dame shi. Mai jego an shiga da ita ɗaki ana mata kwalliya. Na waiga dama na miƙa wa wata, ta ce hannunta da mai. Na waiga hagu, waccan ta ce bari ta yi alwala ta dawo, kuma ina jin har yau ba ta gama alwalar ba. Gwaggo kuwa ta juya mini baya tana karɓar barka, amma na san ko ƙeyarta tana kallona. Ina zaune ina jin agogon hannuna kamar yana cizona, har aka kira la'asar. Da na ga ranar ta riga ta tafi, sai na jawo farantin wainar da hannu ɗaya na cinye tas, don haushi. Gaskiya kuma ta yi daɗi.

Washegari na sami malam a ofishinsa. Bai ɗaga murya ba, da ma ba ya ɗagawa. Ya ce saura mini rana guda, in na sake rasa ta kada ma in wahalar da kaina zuwa jarrabawa. Na fara ba shi labarin jariri, ya ce Allah Ya raya, ya ci gaba da rubutunsa.

Na dawo gida kaina ya yi zafi. Na tarar da Inna a tsakar gida ta miƙe ƙafafu tana tsintar shinkafa a faifai. Ina da saurin fushi, duk gidan an sani, kuma ranar ban tsaya taunawa ba.

"Inna, in na sake rasa rana guda, shekarata ta tahi. Ƙawayena su gama, ni in zauna ina riƙon jariran mutane. Na gaji, Inna. Wallahi na gaji."

Na yi zaton za ta yi mini tatas. Ba ta ko ɗago ba. Ta fitar da wata 'yar tsakuwa ta jefar, sannan ta tambaye ni yaushe za a gama jarrabawar gaba ɗaya. Na ce sai bayan Babbar Salla. Ta ce to, Allah Shi kai mu. Iyakar abin da ta ce ke nan.

Daga ranar aike ya ɗauke ɗif. Da farko har na ɗauka matan Katsina ne suka yi shawara suka daina haihuwa. Na samu kaina da la'asar tawa ta kaina, abin da na manta yadda yake. Da safe lakca, da rana gwaji, in an tashi in wuce ɗakin karatu in zauna har rana ta yi sanyi. Aikin bincikena na kammalawa, wanda ya daɗe yana kwance kamar mara lafiya, ya fara motsi. Har ƙiba na yi. Malam ya daina ɗagowa ya duba ko da gaske ni ce in na amsa suna.

Sai daga baya na gane haihuwa ba ta tsaya ba, rasuwa ma haka. Inna ce ta hana a faɗa a gabana. Wata rana na dawo na same ta kwance, gwiwoyin sun kumbura sun yi suntum. Da ƙyar na ji labarin a bakin maƙwabciyarmu: wai gaisuwar rasuwa ta je da kanta can wajen Gobarau, ta zauna a ƙasa cikin mata kamar yadda ta saba, da aka zo tashi ta kasa, sai da aka kama ta aka ɗaga a gaban jama'a. Ciwon bai dame ta kamar kunyar ba. Daga nan ta koma buga wayar da ta raina, tana tura yayyena maza su miƙa saƙo daga zaure. Na ji ba daɗi ƙwarai, amma ban ce a mayar da ni aikin ba, ita ma ba ta nema ba.

Ƙorafi ya fara zuwa, a hankali, cikin gaisuwa. Wannan ta ce kwana biyu ba a ganin 'yan Ƙofar Durbi. Waccan ta ce ai masu digiri sun fi ƙarfin zaman suna. Inna takan yi dariya ta ba da haƙuri.

Babban ƙorafin ya zo ne da bikin autar Gwaggo. Wani gari za a kai amarya, tafiyar kwana, kuma a al'adar danginmu kowane gida yana ba da mace guda cikin masu rakiya. Gwaggo ta aiko cewa daga gidan ƙaninta ni take so. Ranakun kuwa suka faɗa tsakiyar makon jarrabawa, har da ta siririn malamina. Inna ta aika da ban haƙuri. Washegari da hantsi sai ga Gwaggo da kanta. Ina ɗaki da takardu, ina jin komai ta taga.

Sun gaisa kamar ba komai, har da tambayar ƙafa. Sannan Gwaggo ta ce ta zo ne ta ji da kunnenta, ko yarinyar ce ta yi girman da za a aike ta ta ƙi.

"Ba ita ta ƙi ba, Yaya. Ni na hana ta."

Sai na ji Gwaggo ta ce, a hankali, ba da irin muryar faɗanta ba: "Autata guda. Ni da na tsaya maki tun kina ɗiya ƙarama. Ashe takarda ta hi ni."

Inna ta yi ta ba da haƙuri, Gwaggo ta miƙe. Ruwan da aka kawo mata yana nan a kofi ba ta taɓa ba, kuma duk wanda ya tashi a garin nan ya san abin da wannan ke nufi. Na fito da sauri na ce wa Inna zan je, a bar jarrabawar, shekara guda ba mutuwa ba ce. Ta dube ni, idonta ya yi ja.

"Koma ɗaki. Na riga na ɓata da ita, kada ki sa in yi asara biyu."

Na koma. Ban taɓa karatu da zuciya ɗaya kamar na wannan makon ba, don na san abin da aka ba da aka saya mini shi.

Na ci jarrabawa. Da sakamako ya fito, malam ya gan ni a baranda ya gyaɗa kai, wanda a wurinsa wannan guɗa ce. Inna kuwa ta ce sai an yi walima. Na ce ba sai an yi ba, a yi addu'a a gida ya isa. Ta kafe. Na gane ba don ni kaɗai ba ne: wannan ne sha'aninta na farko tun da ta daina fita, tana so ta ga inda ta tsaya.

Aka aro manyan tukwane, aka aro tabarmi daga maƙwabta aka shimfiɗe tsakar gida har jikin bango. Maƙwabciyarmu ce ta tsaya kan girki. Inna ta ci ado, aka kafa mata kujera inda za ta riƙa hango zaure. Mutane sun zo, ba zan ce ba su zo ba. Maƙwabta sun cika alkawari, ƙawayena sun zo da hayaniyarsu da ɗaukar hoto, wasu daga dangi ma sun leƙo. Amma rabin tabarmin nan ba wanda ya taka su. Da yawa sun aiko da uzuri, wannan ciwon kai, waccan baƙi. Gwaggo ba ta zo ba, ba ta aiko ba, kuma duk wanda ke bin bayanta a dangi ya bi. Inna tana ta fara'a tana sa albarka, amma duk sallamar da aka yi sai ta miƙa wuya, ta ga ko wace ce, sannan ta koma ta jingina. Ni ce aka yi taron domina, ni ce kuma na fi kowa son a tashi.

Bayan la'asar gida ya watse, abinci ya rage jingim. Inna ta sa aka buɗe kabad aka ɗauko wani kwano mai murfi cikin na aurenta, wanda ko da Salla ba a taɓa shi. Ta zuba shinkafa da kanta, ta zaɓi nama masu kyau ta jera a sama, ta ce in kai Ƙofar Guga. Ta ƙara da cewa in zauna sai an sallame ni.

Na sami Gwaggo ita kaɗai tana gyaran zogale. Ta amsa gaisuwata a taƙaice, ba ta ce in zauna ba, ba ta ce in tafi ba. Na zauna. Na jawo tiren na kama tsinke ganye tare da ita. Mun daɗe a haka kafin ta tambaye ni, ba tare da ta dube ni ba, wai shi karatun nan na mene ne. Na yi iya ƙoƙarina na bayyana, ta ce to, ashe haɗe-haɗe ne, irin na masu dafa sabulu. Na ce kusan haka ne. Ta jawo kwanon ta buɗe, ta ɗanɗana, ta ɓata fuska, ta tambayi wanda ya tsaya kan tukunya. Na faɗa mata. Ta ce shi ya sa, an cika ruwa, kuma ba a bar albasa ta soyu ba. Ta ƙara loma, ta ƙara wata. Sai ta tambayi ƙafar Inna, na ce da sauƙi, ta ce ƙarya nake, ta ji labarin abin da ya faru a Gobarau.

Da rana ta kusa faɗuwa na ce zan tafi, na kai hannu in juye abincin in ɗauki kwano. Ta dafe murfin.

"Bar shi nan. Wannan ba kwanon da ake ba yara ba ne. Ni zan kai mata abinta."

Na dawo ana shirin kiran magariba. Yayyena sun fara naɗe tabarmi za su mayar wa masu su, Inna tana nan kan kujerarta ba ta ko cire adon ba. Ta dubi hannuna ta ga ba kwano, ta tambayi inda yake. Na faɗa mata abin da Gwaggo ta ce. Ta ce in sake faɗa, yadda ta faɗa. Na sake. Matar nan da ta wuni tana murmushi a gaban tabarmi ba mutane, sai na ga ta ja bakin mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Na durƙusa kusa da ita.

Da ta sauke mayafin, sai ta kira babban yayana da ke ɗauke da tabarmi a kafaɗa. Ta ce ya mayar da sauran, amma ya roƙi maƙwabta su bar mana babbar nan mai kyau zuwa wani lokaci, ya shimfiɗa ta a inuwa kusa da kujerarta.